Aikin Lebura a Gonar Surukina

An yi mini aikin ƙaba ana gab da saukar ruwan fari. Na daɗe da ita, tun tana fitowa in tura ta da yatsa ta koma, har ta kai in na ɗaga buhu sai na nemi gindin bishiya na kwanta kafin ta lafa. Akwai mutanen da abu kan same su su ce Allah ya kyauta, su ci gaba da harkarsu. Ni ba na cikinsu. In abu ya same ni, da shi nake cin abinci, da shi nake zuwa masallaci. Matata ce ta gaji da ganina ina shafa mara ina maganar wanda zai riƙe yara bayana, ta tsaya kai da fata sai da na je asibiti.

Likitan da ya yi mini aikin matashi ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, Hausarsa ba ta wuce ta sayen abinci ba. Ranar da zai sallame ni ya tsaya a kaina ya yi dogon Turanci. Ni firamare na yi a nan Ɗansoshiya, daga nan ban ƙara gaba ba, don haka abin da na tsinta kaɗan ne. Da ya ga ina gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba, sai ya dunƙule duka ya ce da ni da Hausa:

"Baba, ba aikin lebura. Sai bayan damina. Ka ji?"

Na ce na ji. Ina da tambayoyi cike da baki, amma a gadon kusa da ni wani dattijo yana ta nishi, ga mutane a bakin ƙofa suna jiran likitan. Na ga bai dace in tsare shi ba. Haka na dawo gida da kalma ɗaya a hannu.

Lebura ba baƙuwar kalma ba ce a wurinmu, ko da yake ta Turawa ce. Malaminmu na aji huɗu ne ya fara gaya mana asalinta. Ya ce a Turanci tana nufin mai aikin ƙarfi, wanda ke ci da guminsa. Da ita kuma yake tsoratar da mu. Duk wanda ya kasa lissafi sai ya nuna shi da alli ya ce, "Kai dai lebura za ka zama." To mu a ƙauye mun san wa ake kira lebura. Shi ne mai loda wa tifa yashi a bakin rafi, da mai hawa da kwanon kankare a wurin gini, da mai dakon buhu a kasuwa. Ya yi aikin wani, da yamma a ƙirga masa haƙƙinsa, kowa ya kama gabansa. Manomi kuwa ko zai wuni sunkuye har bayansa ya ƙi miƙewa, ba wanda zai kira shi da wannan suna. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya fi kowane lebura shan wahala, amma da wani ya ce masa lebura da sun rabu ba sallama.

Na san ba maganar biya likita yake yi ba. Ɗinki bai san gonar wa ake nomawa ba. Abin da ya dame ni shi ne iyakar abin. Jan guga yana ciki? Akuya in ta fizge igiya na riƙe ta fa? Ƙaramar 'yata takan rugo ta faɗa jikina, in ɗaga ta ko in ƙi? Har ruku'u sai da na yi ta tunani a kai, na koma yin salla a zaune, sannan na shiga damuwar ko uzurina ya kai na mai zama. Rannan matata ta kawo mini kunu, ta tsaya tana kallona ina auna nauyin kwanon da hannu biyu.

"Malam, ko ludayin ma in riƙe maka?"

"Ke wasa kike gani."

"Ba wasa ba ne. Likita cewa ya yi kada ka yi aikin ƙarfi, bai ce ka zama gawa ba."

Shuka dai 'yan uwa suka yi mini. Masara ta fito, aka yi noman farko, ni ina gefe ina nuni da sanda kamar baƙo. Wurin ɗinkin ya daina zafi, sai ƙaiƙayi. Na fara samun natsuwa ke nan sai saƙo ya zo daga wajen surukina cewa an sa ranar gayya.

Surukina yana zaune a wani ƙauye gaba da Doguwa, inda hanya ke ƙarewa a gindin duwatsu. Babbar gonarsa tana kwance a jikin tudu, ƙasa ce mai kyau amma cike da tsakuwa da manyan duwatsu, shanun huɗa ba sa iya shiga. Sai garmar hannu. Don haka duk shekara in masara ta kai gwiwa yakan kira gayya, maƙwabta su zo, 'ya'yansa su zo, mazan 'ya'yansa mata su zo daga duk inda suke. Ba a biyan kowa. A yi tuwo da fura, a raba goro, tsoho ya yi addu'a, a watse. Ni ne babban suruki, domin babbar 'yarsa nake aure. Lokacin da ya ba ni ita ba ni da komai sai keke da gonar gado. Tun daga ranar bai taɓa neman wani abu a wurina ba sai wannan wuni ɗaya na shekara, ni kuma ban taɓa fashi ba.

Abin da ya sani game da rashin lafiyata shi ne ciwon ciki ne, an ba ni magani, na samu sauƙi. Haka muka aika masa. Wurin da aka yi aikin ba wuri ba ne da mutum zai ambata wa surukinsa. Da surukata tana raye da an bi ta wurinta, ita ta san yadda za ta sanar da shi ba tare da kowa ya ji nauyi ba. To ta rasu. Na ce da matata ko za ta kira shi a waya ta yi masa bayani.

"Ni? In buɗe baki in gaya wa Baba inda aka yanka ka? Haba Malam."

"To ki ce ba ni da lafiya."

"Sai ya ce ai an ce ka warke. Ko ya ɗauko ƙafa ya zo dubiya, ya tarar da kai kana yawo a kasuwa."

Gaskiya ta faɗa. Na juya maganar ta kowane gefe. In na ƙi zuwa ba dalili, na zubar da abin da na daɗe ina ginawa. In na ce zazzaɓi ne, na yi ƙarya, ƙaryar ma ga mutumin da ya ɗauke ni ɗa. In na je na kama garma, ɗinki ya ɓalle a gindin dutse, inda kafin a kai ni asibiti sai an ratsa daji. Daga ƙarshe sai wata dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Zan je, in gaishe shi, in maimaita masa maganar likita kamar yadda ya faɗe ta. Ba ƙarya a ciki, ba kuma sunan wata gaɓa ta jiki. Maganar ma ba tawa ba ce, ta likita ce.

Ana gobe gayya na shiga mota. A tashar Tudun Wada na haɗu da mijin ƙanwar matata, shi ma can ya nufa. Shi lebura ne na gaske, dakon buhu yake yi a kasuwar hatsi a Kano, kuma ba ya ɓoye wa kowa. Ƙato ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Yana ganina ya fara dariya.

"Yaya, an ce an farke ka an ɗinke kamar buhun masara."

"Wa ya gaya maka?"

"Yaya da ƙanwa muke aure, kana tambaya? Har yawan zaren na sani."

Na ce ya rage murya. Muka samu wuri a bayan mota, ni a gefen taga na dafe mara da hannu saboda ramuka. Da muka shiga daji na gaya masa damuwata. Ya ce in bar masa, shi zai gaya wa tsoho. Na ƙi. Na san shi, a tsakiyar mutane zai faɗa, har da kwaikwayon tafiyata. Sai na tambaye shi, tunda sana'arsa ce, shi a wurinsa mene ne aikin lebura.

"Aikin lebura? Shi ne wanda in ka gama ba a ce maka sannu, sai dai a miƙo maka kuɗi. Ni na fi son haka ma. Sannu ba ta sayen omo."

Na yi dariya kaɗan don kada ɗinki ya motsa. Na ji maganar da kunnena, amma hankalina yana kan yadda zan jera tawa, ban tsaya na auna ta ba.

Mun isa da la'asar. Tsoho yana zaure da baƙi, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi yara, ya tambayi ruwa a wajenmu, ya ce, "Ya ƙarfin jiki?" Na ce alhamdulillahi. Nan ne ya kamata in yi magana, amma zauren a cike yake, na ce bari sai an ragu. Ba a ragu ba har aka kira magariba. Na ce to da safe, a hanyar gona. Da safe kuma ya riga mu fita.

Gayyar gidan surukina tana da tsarinta. Yanzu ba a kiran makaɗa kamar da, amma sauran abubuwa suna nan. Maza su jeru a gindin gona, kowa da layinsa, a tashi tare a haura tudu tare. Ba a yin ta a hankali. Wanda ya yi baya kowa yana ganinsa, domin layinsa zai tsaya kamar giɓi a baki, kuma ba za a bar shi ya sha ruwa lafiya ba don tsiya. Surukai a farkon sahu ake sa su, kusa da ɗorawar da dattawa ke zama. Sannan tun da tsoho ya daina huɗa da kansa, garmarsa ta hannunsa, mai ƙotar da ta yi sulɓi don daɗewa, babban suruki yake miƙa wa a gaban kowa. Sai ya miƙa ta ake farawa.

Da na iso gonar mutane sun riga sun jeru, sun tuɓe riguna, wasu suna tofa yawu a tafin hannu. Tsoho yana tsaye da garmar. Ya miƙo mini ita ta ƙota, kamar kowace shekara. Na durƙusa, ban karɓa ba. Na ce:

"Baba, a gafarce ni. Bana likita ya hana ni aikin lebura."

Ina rufe baki na ji yadda maganar ta fita. A mota da nake maimaita ta a zuci, muryar likita nake ji. Yanzu kuwa muryata ce, a gonar surukina, a gaban mutanen da suka baro nasu gonakin suka zo don zumunci. Surutun sahu ya ɗauke daga kusa da ni har zuwa can ƙarshe.

Tsoho bai dube ni ba. Ya juya wajen babban ɗansa ya ce, a hankali:

"Kai, nawa muka yi da su za mu biya? Ashe leburori na tara ban sani ba."

Wani dattijo a gindin ɗorawa ya ce, "A'a, Malam, ba haka yake nufi ba." Tsoho ya ce, "To." Ya janye garmar, ya jingina ta da ƙafarsa, ya fara naɗe hannun rigarsa. Mutumin da ko hawan tudun nan sai ya huta a hanya, shi ne zai shiga layina.

Ban san lokacin da na miƙe na karɓe ta ba. Na ce, "Baba, kawo. Kuskuren baki ne." Ya sakar mini ita. Wani ya ce bismillah, aka sunkuya.

Wanda bai taɓa huɗa da garma ba ba zai san abin da take nema a jikin mutum ba. Za ka sunkuya, ka kafa ta a ƙasa, ka ja, ka ɗago ƙasar ka kifa ta a gindin masara, ka matsa ka sake. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasar ta yi nauyi, tana manne wa ƙarfen. Duk ɗagawa sai cikina ya ɗaure tamau, daidai wurin da aka ce in kiyaye. Na yi ƙoƙarin ɗiban ƙasa kaɗan kaɗan, sai layina ya fito siriri kusa da na mutane, abin kunya. Na ƙara ɗiba. Mijin ƙanwar matata yana ta hannun damana. Ya daina wasa. Yana yin nasa yana sako garmarsa cikin nawa yana kifa mini gefe ɗaya, kansa a ƙasa.

"Yaya, ajiye."

"Yi aikinka."

"Wallahi ka ajiye. Na ga wanda ƙabarsa ta dawo a kasuwa, a kan buhu aka ɗauke shi."

Da bai faɗi haka ba da ya fi mini. Daga nan duk abin da na ji a jikina sai in ce shi ke nan. Gumi ya gangaro mini ta mara, na ce jini ne. Na tuna tsawon dajin da muka ratso, da yadda mota ke tsayawa ɗaukar fasinja a kowane ƙauye. Na tuna yarana. Na kuma tuna cewa in na mutu a nan, tsohon nan zai ƙarasa rayuwarsa yana ganin shi ya kashe mijin 'yarsa, alhali bai san komai ba. Wannan ya fi sauran tsaya mini a rai.

Wajen tsakiyar tudu garmar ta ci karo da dutse a ƙarƙashin ƙasa. Na riga na sa ƙarfi. Wani zafi ya tsarga mini daga mara zuwa cinya, siriri, kamar an ja zare mai wuta. Na tsaya. Na dogara da ƙota, na kasa miƙewa sosai, na kasa komawa. Sahu ya wuce ni. Daga sama wani ya waiwayo ya ce, "Babban suruki ya tsaya shan iska." Aka yi dariya.

Tsoho yakan bi bayan masu huɗa yana tayar da masarar da ƙasa ta danne. Ina jin takunsa yana matsowa. Ina da lokacin da zan nemo wata magana, na nema kuwa, ban samu ba. Duk wadda na ɗauko, ko ƙarya ce ko kuma irin ta ɗazu ce. Da ya iso na durƙusa a hankali, hannuna ɗaya a ƙasa.

"Baba, ba ciwon ciki ba ne kawai. Ƙaba ce aka yi mini aiki. Ɗinkin bai gama kamawa ba."

Na so in faɗa a hankali, amma numfashina ya ƙare, sai maganar ta fita da ƙarfi. Na kusa sun ji. Wani ya yi tari, wani ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Tsoho ya kawar da fuska ya dubi dutse.

"Allah ya sawwaƙe," in ji shi.

Ya karɓi garmar ya kira ɗansa ya ba shi, ya ci gaba da bin layi yana tayar da masara. Ni kuma na gangara.

Kafin in je gindin ɗorawa sai da na zaga bayan wani dutse na duba. Ba jini. Ko ya kumbura ko bai kumbura ba, na kasa tantancewa. In na duba ta nan sai in ga ya tasa, in na juya sai in ga daidai yake. Na zauna cikin dattawa, suka yi mini sannu ba tare da sun ce sannu da me ba. Da azahar mata suka aiko da tuwo da fura. Aka turo mini kwano, na ce na ƙoshi. Abincin gayya na waɗanda suka yi aiki ne, ni ko rabin layi ban cika ba, ban ga da wane hannu zan ci ba. Mijin ƙanwar matata ya zo ya zauna kusa da ni yana haki.

"Ci, Yaya. Ni lebura na yi naka na yi nawa, na yafe maka ladan."

Na sha fura kaɗan don ya ƙyale ni.

Ban jira addu'ar tashi ba, domin ina so in sami motar yamma. Aka kira mini mai babur. Na je na durƙusa na yi wa tsoho sallama. Ya ce a gaida gida, a gaida yara. Ina jira ya ƙara wani abu, ko faɗa ne, bai ƙara ba. Sai da na hau babur ya tako ya dafa kan babur ɗin, ya ce da mai tuƙin:

"Ka bi a hankali. In kun zo kwazazzabon nan ka tsaya ya sauka ya taka da ƙafa."

Da shi ya yi maganar, ba da ni ba.

Washegari na koma asibiti. Likitan ya danna, ya ce in yi tari, ya sake dannawa. Ya ce bai ɓalle ba, tsoka ce ta ja. Da ya ji abin da na yi sai ya ajiye biro ya yi ta faɗa da Turanci. Wannan karon akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarmu a ɗakin, sai na yi ƙarfin hali na ce ta tambayar mini shi, shi wannan aikin lebura daga ina ya fara, a ina ya ƙare. Ta tambaye shi. Sai likitan ya riƙe numfashi, ya kumbura kumatu, ya yi kamar zai ɗaga gadon.

"Ya ce duk abin da sai ka riƙe numfashi ka yi nishi kafin ka yi shi," in ji ta. "Ko gonarka ce, ko ta sarki ce, ko tukunyar ruwa ce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ai da ka tambaya tun farko, Baba."

Na fito jikina ya yi sauƙi, amma damuwar ba ta tafi ba, wuri kawai ta sauya. Na gaya wa matata duk yadda aka yi. Da na zo kan maganar lebura sai ta dafe kai.

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

"Baba ba ya riƙe mutum a zuci," ta ce. Ta ci gaba da tsince shinkafa. "Sai dai ba ya mantuwa."

Na ce ko in koma in ba shi haƙuri. Ta ce in na koma sai an sake tayar da ɗaya maganar, kuma tsoho ya ji ta sau ɗaya, ya ishe shi. Na ce ko in aika da goro. Ta ce goron me za a ce? Haka na zauna. Masarata kuma ta kai huɗa, ta fara wucewa. Iska ta kwantar da gefe ɗaya. Masu shanu duk suna kan nasu aikin, kowa ya ce sai wani mako. Kullum da safe in je in tsaya a bakin gona in dawo.

Wata safiya ina zaure na ji babura sun tsaya a ƙofar gida. Ƙannen matata ne maza, da garemani ɗaure a baya, ƙafafunsu duk taɓo. Tun asuba suka taso. Muka gaisa. Na leƙa bayansu, tsoho ba ya ciki. Babbansu ya ce:

"Baba ya ce mu yi maka huɗa mu koma yau. Ya kuma ce kada mu ci komai a gidanka sai ruwa."

Na ce, "Don me?"

"Haka dai ya ce."

Na raka su gona, suka tuɓe suka fara. Na zauna a kan kututture ina juya maganar. Ko dai ya san mun kashe abin hannunmu a asibiti, ba ya so a ɗora mana nauyi. Ko kuma nufinsa shi ne, tunda na raina tuwon gayyarsa, 'ya'yansa ba za su ci nawa ba. Aikin da ba a ci abinci a kansa ba, ba a kuma biya ba, ban san sunansa ba. Na koma gida na gaya wa matata. Na tarar ta riga ta ɗora tukunya, ta sa an yanka zakara.

"Ba ki ji abin da Baba ya ce ba?"

"Na ji. Gidanka ya ce. Ni gona zan kai."

"Kada ki sa su saɓa masa. In ya ji fa?"

"In ya ji, ni ce 'yarsa."

Da rana ta take, matata ta ɗauko kwanuka a ka, ni ina biye da ita da butar ruwa, wadda na tabbatar ba ta sa ni nishi. Ta sauke a inuwar kuka ta kira su. Suka zo suka tsaya suna kallon juna. Babban ya ce, "Yaya, Baba fa ya hana." Ta buɗe kwanon miya ta ce, "Tun kana tsumma nake ba ka abinci a baki. Zauna." Ƙaramin ne ya fara wanke hannu, sauran suka bi.

Suna ci na matsa kusa da babban, na tambaye shi a hankali ko tsoho ya ce wani abu a kaina bayan tafiyata. Ya tauna, ya haɗiye, ya yi tunani.

"Ya ce layinka da ka fara ya karkace, sai da aka gyara."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Sai kuma ya ce a sake wa garmarsa ƙota kafin baɗi, wai ta yi maka gajarta, kana sunkuyawa da yawa."

Ya miƙa hannu ya ɗauki cinyar zakara. Na so in tambaye shi da wace irin murya tsoho ya faɗi haka, yana murmushi ko fuska a ɗaure, amma na ga bakinsa a cike yake, ga sauran rabin gona yana jiransu.